Ranar da Baba Zai Ci a Zaune

Ban taɓa ganin mahaifina ya ci abinci da zafinsa ba. Na girma, na yi karatu, na zama likitar haƙori, na leƙa bakin mutanen Amman har na gaji, amma bakin Baba yana tauna a gaban jama'a, wannan kam ban gani ba.

Mu mutanen Karak ne, ko da yake a Amman aka haife ni. A wajenmu mai gida ba ya sa hannu a abinci idan baƙi suna ci. Kowa ya san wannan, sai dai Baba ya ɗauki abin ya wuce da shi inda kowa ya tsaya. Ranar Juma'a idan aka shigo da farantin mansaf, shinkafa ta yi tudu, naman rago a kanta, maza suka kewaye shi, sai ya naɗe hannun riga ya kama ludayi ya tsaya a bayansu. Ya zuba wa wannan romo, ya yago tsoka ya tura gaban wancan, wanda ya ja baya kuma ya kama kafaɗarsa ya mayar da shi. Idan suka ce, "Abu Nayif, matso mana ka taɓa," sai ya ce ganinsu kaɗai ya ƙosar da shi. Ranar da babu baƙo, mu 'ya'yansa ne baƙin. Sai kowa ya watse yake shiga kicin wajen Mama, su tura ƙofa. Mu dai ƙarar famfo muke ji da 'yar dariyarta.

Mama ta rasu bara waccan. Juma'ar Baba ba ta fasa ba, ludayin ma bai canza ba, amma agogonsa ya fara zamewa daga wuyan hannu zuwa sama, yana turo shi yana komawa. Na kai shi asibiti aka duba shi ciki da waje, aka ce lafiyarsa ƙalau. Idan na ce, "Baba, ka ci kuwa?" sai ya ce, "Na ƙoshi, alhamdulillahi," ni kuma in tattara kwanuka. Abin yana damuna ƙwarai, kuma ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

A ƙasan benen da asibitina yake, a unguwar Abdun, akwai wata ƙofa da ba a rubuta komai a kanta ba, sai wani shuɗin ƙyalle da ake ratayawa da yamma. Gidan abincin Japanawa ne, irin wanda sai ka kama wuri tun da saura makonni. Kowace safiya ina ganin mai girkin, wani dattijo siriri mai aski ƙwal, yana yayyafa ruwa a bakin ƙofar da hannunsa kamar mai ba wa tsiro ruwa. Wata mata da nake wa aikin haƙori ta ba ni labarin wurin, bakinta a karkace saboda allura. Ta ce kujera takwas ce kacal. Ba ka zaɓar komai. Mai girkin ne yake dunƙula loma ɗaya ta shinkafa, ya ɗora yankan ɗanyen kifi a kai, ya ajiye a gabanka, kai kaɗai, kuma nan take ake ci. Ta ce ko miji ba ya miƙa wa matarsa.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta maƙale mini. Baba zai cika shekara saba'in ranar ɗaya ga Janairu, kamar yadda takarda ta rubuta wa duk tsaransa na ƙauye, kuma ina neman abin da zan yi masa. Daga ranar sai na fara mafarki da rana tsaka. Ina riƙe da madubi a bakin mutum, amma ni ina can bayan shuɗin ƙyallen. Ina ganin Baba a zaune, hannuwansa biyu a kan katako babu abin da za su yi. Babu ludayi, babu wanda zai tura wa. Wani hannu ya fito daga cikin tururi ya ajiye masa loma, shi kuma ya ɗauka. A wasu ranakun mafarkin yana kaiwa har ya haɗiye ya lumshe ido. A wasu kuwa yana juyawa ya nemi wanda zai ba, sai kujerun su yi ta yawa, su miƙe har Karak, kowace da ɗan'uwanmu a kai baki buɗe. Sai mai haƙori ya yi gurnani in dawo.

Na kai maganar gidan Gwaggo Fidda, yayar Baba. Na same ta tana naɗe shinkafa a cikin ganyen inabi a gaban hita, yayana Nayif yana gefe yana satar waɗanda ta gama.

"Kifi ɗanye," in ji Gwaggo, ba ta ma ɗago ba. "Gas ɗinsu ne ya ƙare?"

"Haka ake cin sa, Gwaggo."

"Haka mage ma take cin sa. Kuma loma ɗaya ɗaya? Ke Likita, a gidan makoki ma an fi haka sakin hannu. Ubanki da ya yanka rago don mai gyaran famfo ya zo daidai azahar, shi za ki kai inda ake ƙirga masa shinkafa?"

"Ba ƙirgawa ba ce. So nake ya zauna wani ya yi masa hidima, ko sau ɗaya."

Nayif ya yi dariya har ya ƙware. "Mu nawa za mu je?"

"Ni da shi. Idan kun zo kun zama baƙinsa."

"To sauran kujerun fa, aljanu ne a kai? Kafin a kawo ruwa ya tambayi kowa ɗan gidan wane ne. Kafin a kawo kifi ya gano kakansu ya taɓa kwana a gidan kakanmu. Daga nan kuwa duk abin da aka ajiye masa, haka zai bi hannu hannu har ƙarshen layi. Wanda ke kujerar ƙarshe sai an ɗauke shi a mota."

"An ce ba a miƙawa."

"An ce wa wa? Abu Nayif? Sai dai ki ga ya zagaya ya karɓe wuƙar, ya zaunar da tsohon ya ce wallahi sai ya ci."

Gwaggo ta buge masa hannu daga kan tukunya. Ta ci gaba da naɗi, sannan ta ce, "Ki yi masa mansaf kawai, 'yata. Ya tsaya ya raba, ya ji daɗinsa. Mutum ya kai saba'in a tsaye, yanzu ne za ki lanƙwasa shi?" Na ji haushin maganar don na ga kamar tana da gaskiya.

Duk da haka, ranar Laraba da la'asar, da na sallami na ƙarshe, sai ƙafata ta kai ni ƙofar. Ana yayyafi. Ba su buɗe ba tukuna, amma wata budurwa mai suna Lamis, wadda ke karɓar baƙi, ta gane ni ta ce in shigo in gani.

Ɗakin ƙarami ne, bai kai zauren baƙin Baba ba. Kanta ce guda ɗaya doguwa ta farin katako, an goge ta har ta yi laushi a ido, kujeru a jere a gabanta. Babu hoto, babu kiɗa. Ƙarar motocin Abdun ta tsaya a waje kamar an cire mata takalmi a ƙofa. Akwai ƙamshin shinkafa mai ɗan tsami da na jiƙaƙƙen itace. Dattijon, wanda Lamis ta ce sunansa Malam Okabe, yana bayan kantar yana fifita shinkafa a wani faffaɗan akushi, tururi yana tashi yana rufe fuskarsa yana buɗewa. Ya sunkuyar mini da kai. Na zauna ba tare da an ce in zauna ba, na ji kafaɗuna sun sauka. Na yi tunanin da Mama ta ga wurin nan da ta ce, kai, wannan mutum ya iya goge katako.

Lamis ta yi mini bayani a hankali. Ana zuwa a kan lokaci don tare ake farawa. Ba a shafa turare, yana danne ƙamshin kifin. Na tuna Baba da kwalbar turarensa da yake shafa wa duk wanda ya gaisa da shi, na yi murmushi. Ta ce shinkafar da ɗumin hannun Malam Okabe take zuwa, shi ya sa ba a barin ta ta jira.

Muna cikin haka sai dattijon ya ajiye fifitarsa, ya zuba koren shayi a wani ɗan kofin ƙasa, ya ajiye a gabana da hannu biyu. Sanyi nake ji, ƙafafuna a jiƙe, kuma tun safe ban sa komai a cikina ba.

"A'a, na gode, kada ka wahalar da kanka," na ce.

Lamis ta fassara masa. Ya sake sunkuyar da kai, ya ɗauke kofin da hannu biyu kamar yadda ya kawo shi, ya koma kan shinkafarsa.

Na bi kofin da ido. Ina jira ya dawo da shi ya ce haba, ɗan kurɓi dai. Bai dawo ba. Babu fushi a fuskarsa, babu komai, na ce ba na so, ya yarda. Ban taɓa sanin akwai inda ake yarda da irin wannan maganar ba. Na zauna ina jin ƙamshin shayin daga nesa, kunya ta hana ni cewa na fasa.

"Idan mutum ya ce ya ƙoshi fa?" na tambayi Lamis.

"Sai a daina ba shi. Malam Okabe ba ya takura wa baƙo."

"Ko bai ci komai ba?"

Ta dube ni, ta gane, don ita ma 'yar ƙasar nan ce. "Mahaifinki ne?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Zan riƙe miki kujera biyu har Asabar da azahar. Idan ban ji ki ba in ba wasu."

Na fito raina a jagule. Mafarkin ma ya canza. Yanzu ina ganin Baba a zaune, an ajiye masa lomar farko, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya ƙoshi, an ɗauke. Sauran mutane suna ci, shi yana zaune a gaban katako fayau har a tashi, cikin kwat ɗinsa da ta yi masa yawa. Ni da na kawo shi don ya ci, in zama na kawo shi a yi masa kallo. Na yanke shawarar ba zan kama wurin ba. Kafin in isa gida na sake yanke wata.

Ranar Juma'a gidan Baba ya cika kamar kullum. Maƙwabta, wani ɗan ƙanensa da ya zo daga Karak ganin likita, da mutum biyu da ban san su ba, shi ma ina jin a masallaci ya tsinto su. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa yana zagaya su da ludayi, yana rantse-rantse, fuskarsa tana haske. A wannan lokacin babu wanda zai ce wani abu yana damunsa. Da suka tafi ya shigo kicin da ragowar farantin ya ajiye a kan tebur. Ya tsaya a kansa. Ta taga ana ganin tantabarun maƙwabcinmu suna kewaya saman gidaje, rana tana dukan cikinsu idan suka juya. Ya daɗe yana kallon su, ko kuma ba su yake kallo ba. Sannan ya rufe farantin ya ce a kai wa masu gadin layi.

"Baba, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi, alhamdulillahi. Ke dai kin ci? Ban ga kin ci ba. Zauna in zuba miki."

Haka muka rabu, ni da kwano a gabana, shi a tsaye.

Asabar da safe na yi abin da ban taɓa jin wata 'ya ta yi wa ubanta ba. Na sa kayan fita, na je gidan, ban bi ta ƙofar kicin da makullina ba. Na buga ƙofar zauren baƙi. Ya buɗe ya gan ni, ya buɗe baki, na riga shi da sallama irin ta baƙi, na wuce na zauna a kujerar da manya suke zama. Ya tsaya yana kallona. Amma wanda ya shigo ta wannan ƙofar baƙo ne, ko waye shi, don haka ya ɗauko butar gahawa ya zuba a finjali ya miƙo mini.

Na karɓa, na ajiye shi a kan tebur ban sha ba.

A wajenmu idan baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya amsa masa. Da haka ake neman aure, da haka ake sasanta jini. Dattawa ne suke yi, cikin alkyabba. Na ga Baba ya dubi finjalin, ya dube ni, launin fuskarsa ya sauya. Ya ajiye butar a hankali.

"Sha gahawarki," ya ce. "Abin da kika zo nema kin samu."

"Ba ka ji ba tukuna."

"Tun yaushe ake tambayar baƙo a gidan nan kafin a ba shi? Sha. Idan wani ne kika samu, ki faɗa, ba zan tambayi ɗan gidan wane ne ba. To, zan tambaya, amma a hankali."

"Ba aure ba ne, Baba."

Na faɗa masa. Ƙofar, ƙyallen, kujerun, loma ɗaya ɗaya, kifin da bai ga wuta ba. Na ce so nake ranar da zai cika saba'in ya zo a matsayin baƙo, ya zauna kusa da ni, ya ci abin da aka ajiye masa, kada ya miƙa wa kowa. Ina magana ina jin yadda abin yake ƙanƙancewa a bakina. Na ajiye gahawa irin ta sasanta rikicin jini a kan lomar shinkafa.

Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna a gefena, abin da shi ma ba ya yi.

"Shi mai girkin, a tsaye yake?"

"A tsaye, har a tashi."

"Yana ci da ku?"

"A'a."

"To ɗan mutunci ne," in ji shi. Ya ɗan murza agogonsa. "Idan ya ajiye mini na ce na ƙoshi fa? Bakina zai faɗa. Ba na iya tare shi."

"Zai ɗauke."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba ya maimaitawa."

Motar masu sayar da gas ta wuce a layi da ɗan kiɗanta, muka saurare ta har ta sha kwana. Na ce a raina yanzu zai nemi hanyar zamewa, kuma zan bar shi ya zame.

"Ina da shekara sha tara mahaifina ya rasu, aka miƙa mini ludayi," ya ce. "Tun daga ranar ban iya ɗaukar abinci don kaina ba. Sai in ji kamar na wani ne na taɓa. Uwarki ta gane tun makon farko. Idan muka shiga kicin sai ta ce wallahi sai ka ci. In ce na ƙoshi. Ta sake rantsewa. In ce ki bari. Ta rantse na uku, ta ce idan ban ci ba azumin kaffara ya hau kanta, kuma ni na jawo mata. To ka bar mace da azumi? Sai in ci." Ya yi ɗan murmushi. "Ku kuwa 'yan boko ne, kuna da ladabi. Mutum ya ce ya ƙoshi, ku ce to."

Na sunkuyar da kai ina kallon finjalin.

"Ki zauna ta damana," ya ce. "Da kin ga ya ajiye, kada ki jira in buɗe baki. Ki rantse. Kada ki ce don Allah, don Allah ba ya kama ni. Ki ce wallahi. A hankali, yadda tsohon ba zai ji ya ɗauka faɗa muke yi ba."

"Kowace loma?"

"Nawa ne lomomin?"

"Sun kusa ashirin."

"To ki shirya bakinki." Ya tura mini finjalin da yatsa ɗaya. "Sha, ya huce."

Na sha. Ya huce ɗin, ga ɗaci, na shanye har ƙasa. Ya karɓi finjalin ya riƙe a tafin hannunsa yana juya shi, bai dube ni ba.

"Yunwa nake ji, Wijdan," ya ce. "Na daɗe ina jin ta."

Na laluba jaka na ciro waya, na kira lambar gidan abincin. Lamis ta ɗauka. Na ce ni ce likitar sama, ta bar mini kujerun nan biyu na ɗaya ga Janairu. Tana tambayata sunan da za ta rubuta, sai na ji Baba ya taɓa gwiwar hannuna.

"Tambaye ta," ya ce ƙasa ƙasa, "ko akwai wuri yau."